Ƙanƙara a Jikin Esi Ba Alamar Ƙarfi Ba Ce

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, mu masu gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki a Kano ba mu da lokacin kanmu. Lokacin ne zafi ke haura digiri 40, kowa ya tuna da esinsa, kuma kusan magana ɗaya ake yi mana a waya: "Malam, abin nan ya daina sanyi, gas ya ƙare, ka zo ka ƙara." Sau da yawa in mun je muka ɗaga murfin, sai mu tarar da ƙanƙara fara fat ta lulluɓe cikinsa, ruwa na bin bango, mutanen ɗaki kuwa sai fifita suke yi. Akwai ma masu gidan da ke ɗaukar abin a matsayin abin alfahari. Na sha jin an ce da ni, "Ai wannan yana da ƙarfi, duba har ƙanƙara yake yi."

Esi mai lafiya da ake amfani da shi yadda ya kamata ba ya yin ƙanƙara ko kaɗan. Daskarar da ruwa aikin firiza ne. Duk ranar da ka ga ƙanƙara a jikin esi, galibi ɗayan biyu ne: ko dai iska ba ta ratsa shi yadda ya kamata, ko kuma gas yana zurarewa ta wata kafa. Na farkon ya fi yawa a cikin abin da nake gani, kuma shi ne wanda mai gida zai iya magancewa da hannunsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Amma da yake mutane sun saba da cewa maganin kowace matsala shi ne ƙara gas, sai a yi ta kashe kuɗi a kan ciwon da ba shi ne ba.

Daga ina sanyin yake zuwa?

Kowa ya san randar ƙasa. Ruwa yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan ta jikinta, iska ta busar da shi, shi kuma yana bushewa yana tafiya da zafin randar, sai ruwan ciki ya yi sanyi. Duk ruwan da zai koma tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da ke kusa da shi, kuma a kan wannan ƙa'ida esi yake aiki. Abin da muke kira gas wani sinadari ne da ke tafasa tun yana cikin tsananin sanyi. Wanda ake kira R22, misali, in aka bar shi a sarari yana tafasa ne a wajen digiri 41 ƙasa da sifiri. An kulle shi a cikin bututun jan ƙarfe, yana kai da komo tsakanin kan da ke manne a bangon ɗaki da injin da ke waje.

A waje, kwamfireso yana matse gas ɗin har ya yi zafi, fanka ta hura masa iska, ya saki zafin ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta wani siririn bututu mai ƙaramar kafa, matsinsa ya faɗi, ya nufi ɗaki da sanyinsa. A cikin kan da ke ɗaki akwai bututu mai lanƙwashe-lanƙwashe da aka jera wa siraran faifayen alminiyam, mu muna ce masa koyil. Fankar ciki tana jawo iskar ɗaki ta ratsa koyil ɗin, gas ya zuƙe zafinta ya koma tururi, ya koma waje wurin kwamfireso, a sake lale.

In komai lafiya, sanyin koyil yana tsayawa ne tsakanin digiri 4 zuwa 7. Ruwa kuwa yana daskarewa a sifiri. Ka ga tazarar ba ta da yawa. Abin da ke riƙe koyil a saman sifiri shi ne iskar ɗaki mai ɗumi da ke ratsa shi ba tsayawa. Sannan koyil kullum a jiƙe yake, domin damshin da ke cikin iska yana taruwa a jikinsa kamar raɓa, ya gangara cikin ɗan kwarin da ke ƙasa, ya fita ta tiyo. Asalin na'urar ma don wannan damshin aka ƙirƙire ta. A 1902 wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier ya haɗa ta farko ga wani gidan ɗab'i a Brooklyn da ke birnin New York, saboda damshi yana kumbura musu takarda, launuka su ƙi hawa daidai. Sanyaya mutane daga baya ya zo. A tsakiyar damina, esi mai hos ɗaya da rabi yana iya tatsar lita guda ta ruwa, ko fiye, a cikin awa ɗaya.

To, da zarar sanyin koyil ya gangara ƙasa da sifiri, wannan ruwan sai ya daskare a inda yake. Ƙanƙarar ta toshe 'yan tsagogin da ke tsakanin faifayen, iska ta ƙara raguwa, koyil ya ƙara sanyi, ƙanƙara ta ƙara kauri. Haka abin zai yi ta ciyar da kansa har koyil ya zama dunƙule guda. Shi ya sa za ka ga na'ura cike da ƙanƙara amma ɗaki da zafi: iskar ba ta da hanyar wucewa balle ta ɗebo sanyin.

Ƙura ce babbar mai laifi

A ƙasar nan tamu, abokin gabar esi na farko ƙura ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso garin ƙasa mai laushi daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza shi a kan Damagaram da Maraɗi da Katsina da Kano har zuwa bakin teku. Wannan ƙurar ba ta san an rufe taga ba. A lokacin yawancin gidaje ba sa kunna esi, sai ta yi ta kwanciya a cikinsa wata da watanni. Bazara na shigowa a ɗauki rimot a danna, ba wanda ya leƙa ciki.

A bayan murfin gaba akwai ragogi biyu na roba da ke tace iska. In na zaro su a wasu gidajen, sai in ɗaga su sama in ce da mai gida ya duba ko yana ganin haske ta ciki. Ba ya gani. Na kan ce masa, "Alhaji, in haske bai wuce ba, ta ina iska za ta wuce?" Wanke su ba ya cin minti 10. A zaro, a kakkaɓe, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a mayar in sun bushe. Kamfanonin da ke ƙera na'urar suna cewa a yi haka duk mako biyu. Wanda gidansa ke bakin titin da ba kwalta, ko yake kunna esi cikin hazo, gara ya mayar da shi duk mako.

Akwai wani abu da takardar kamfani ba ta ambata, amma mu da muke shiga ɗakunan mutane mun san shi, wato turaren wuta. Hayaƙinsa yana ɗauke da maiƙo da danƙo. In aka sa kasko a ɗaki esi na aiki, na'urar za ta zuƙe hayaƙin kaf, ya lafe a jikin koyil mai damshi, ƙura ta zo ta manne a kai ta zama wani baƙin kunu da ruwa kaɗai ba ya fitarwa. Haka hayaƙin maganin sauro na kunnawa, haka tururin suya in falo na haɗe da kicin. Ba na hana kowa turare, don na san ba za a ji ba. Abin da nake roƙo shi ne, "Hajiya, a kashe esin tukuna, a turara ɗakin, in hayaƙi ya lafa sai a kunna."

Bayan raga, sai ita fankar ciki, wata doguwar ganga mai siraran fukafukai da ke kwance daga wannan gefe zuwa wancan. In ka haska fitilar waya ta inda iska ke fitowa za ka gan ta. Datti na cika fukafukanta, sai ta yi ta juyawa tana ƙara amma ba ta tura iska. Wani lokaci kuma kafasitonta ne ya yi rauni, sai gudunta ya ragu. Haka ma in wutar lantarki ta zo ba ƙarfi. Wutar gida ya kamata ta kai bolt 230, amma a wasu unguwanni da daddare na kan auna in ga ta faɗi ƙasa da 180. Irin wannan wutar tana rage gudun fanka, tana kuma gasa kwamfireso. Wanda ke irin wannan unguwa ya nemi sitabalaiza da ta yi daidai da girman na'urarsa, kuma kada ya ɗora wa ƙaramin janareta abin da ya fi ƙarfinsa.

Sai inda aka kafa kan. Yana shaƙar iska ne ta sama, don haka yana buƙatar tazarar kamar santimita 15 tsakaninsa da silin. Na sha ganin an manna shi da silin, ko an ja labule ya rufe rabinsa, ko an sa dogon wadirof a gabansa. In sanyin da ya fito ya bugi wani abu ya dawo masa, to sanyinsa yake sake shaƙa, ba iskar ɗaki ba, kuma ƙarshenta ƙanƙara ce.

Maganar gas

Gas ɗin esi ba ƙonewa yake yi ba, kuma ba ya ƙarewa don an yi aiki da shi. A kulle yake, wanda ya fita ɗaki shi ne zai dawo. Na'urar da aka kafa da kyau tana iya shekara da shekaru ba a ƙara mata komai ba. In ya ragu, to akwai kafa. Mai gyaran da ya zo ya ɗura gas ya karɓi kuɗi ya tafi bai nemi kafar ba, ya bar wa kansa hanyar dawowa ne kawai.

Mutane kan yi mamakin yadda ƙarancin gas ke kawo ƙanƙara, tunda a tunaninsu in gas ya ragu sanyi ne zai ragu. Dalilin shi ne, in gas ya yi kaɗan matsinsa yana faɗuwa, in matsi ya faɗi kuma yana tafasa a sanyin da ya fi na da. A na'ura mai R22, in gejin auna matsi ya nuna wajen 68, koyil yana kan digiri 4. In ya sauka ƙasa da 57, koyil ya riga ya wuce sifiri. A mai R410A kuwa, wajen 118 ne daidai, in ya gangaro ƙasa da 100 an shiga ƙanƙara. Ɗan gas ɗin da ya rage yana tafasa ya ƙare tun a bakin koyil, sai wannan ɓangaren ya daskare, sauran kuma ya zauna ba sanyi.

Akwai alamar da mai gida zai iya dubawa da idonsa. A jikin injin waje akwai bututu biyu, siriri da mai kauri. A yawancin esin gida mai kai biyu, in siririn ne ya yi fari da ƙanƙara, mai kaurin kuma ba shi da sanyi sosai, akasari gas ne ya ragu. In mai kaurin ne ya daskare, to a fara zargin iska, wato raga ko koyil ko fanka, ko kuma wani ya cika masa gas fiye da kima. Wannan na ƙarshen yana faruwa ne idan aka ƙara gas ga na'urar da datti ne kawai ke damun ta. A duba kuma ko akwai maiƙo a wurin da aka ɗaure bututun da noti. Man kwamfireso yana tafiya tare da gas, duk inda gas ya fita sai ya bar shaida.

Yawancin yoyo daga waɗannan mahaɗan yake, kuma tun ranar kafawa ake shuka shi: an buɗa bakin bututu a karkace, ko an ɗaure noti ba daidai ba, ko an lanƙwasa bututu har ya karye a kwana. Araha ba ta ado. Mai aikin kirki zai nemi kafar da ruwan kumfa ko ya gwada layin da iskar naitirojin, ya toshe ta, ya sa injin zuƙa ya fitar da iska da damshin da suka shiga, sannan ya ɗura gas da sikeli daidai nauyin da ke rubuce a jikin injin waje. In ba a zuƙe damshin ba, yana iya daskarewa a cikin siririn bututun nan mai ƙaramar kafa ya toshe shi. Kada a yarda wani ya gwada layi da iskar oksijin ta masu walda. In ta haɗu da man kwamfireso tana iya fashewa.

Kada kuma a gauraya gas. Abin da aka rubuta a jikin na'ura shi za a sa mata. Matsin R410A ya fi na R22 nesa ba kusa ba, mansu ma ba iri ɗaya ba ne. R32 da ke zuwa a sababbin na'urori yana iya kama wuta, don haka ba a kusantarsa da wutar walda sai an kwashe shi. Shi kuwa R22 kwanansa ya kusa ƙarewa. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, bayan gyaran da aka yi mata, ta sa shi cikin sinadaran da ke cin rufin ozon na sararin sama, kuma ƙasashe masu tasowa irin su Najeriya da Nijar suna da wa'adin 2030 su kusan daina amfani da shi. Wanda zai sayi esi na hannu ya duba wannan kafin ya biya.

Rimot da yanayi

Da yawa suna danna rimot zuwa 16 su bar shi a nan har abada, a zatonsu iskar za ta fi sanyi. A na'urar da ba inbata ba, sanyin iskar da ke fitowa ɗaya ne ko a 16 ko a 25. Lambar tana gaya wa kwamfireso ne lokacin da zai huta. In ka sa 16, ka ce masa kada ya huta. Da tsakar dare ɗaki ya riga ya yi sanyi, ga fanka an rage ta zuwa mafi ƙanƙanta don kada ta dami mai barci, ga kwamfireso yana ta aiki. Da asuba sai a tashi da ƙanƙara. Tsakanin 24 da 26 ya ishi jiki, ya kuma rage kuɗin wuta. A Indiya, ƙasar da ta san zafi, tun daga farkon 2020 gwamnati ta wajabta wa kamfanoni su riƙa fito da sababbin na'urori a saite kan 24.

Sanyin waje ma yana sa ƙanƙara. Esin gida an yi shi ne don yanayin zafi. In iskar waje ta sauka ƙasa da wajen digiri 18, matsin gas yana faɗuwa a duk layin. A Kano daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da 15, a Jos ma ya fi haka. A irin wannan dare fanka ta wadatar.

Sababbin na'urori suna da ɗan ma'aunin zafi da aka maƙala a jikin koyil, wanda ke tsayar da kwamfireso in koyil ya kusa daskarewa. Yakan lalace, ko ya zame daga wurinsa lokacin wanki. Abin da ya fi muni shi ne in allon lantarkin na'ura ya ƙone, sai wani mai gyara ya tsallake shi ya haɗa kwamfireso kai tsaye da wuta. Zai yi sanyi kam, amma an cire masa birki. Duk esin da ba ya hutawa ko an kai rimot 30, a sa a duba shi.

In ka wayi gari da ƙanƙara

Abu na farko, a tsayar da sanyi. Barin na'ura tana aiki a daskare yana sa gas ya koma wa kwamfireso yana ruwa, alhali tururi aka yi shi ya matse. Ruwan yana wanke mansa, yana iya karya masa kayan ciki, kuma kwamfireso shi ne mafi tsada a duk na'urar. A danna rimot zuwa alamar fanka kaɗai, a ƙure gudunta, a janye talabijin da duk kayan wuta da ke ƙasa, a shimfiɗa tawul ko a ajiye roba. Cikin 'yan awanni ƙanƙarar za ta narke. Kada a sa wuƙa ko sukundireba a ɓamɓare ta, domin bututun koyil ba shi da kauri, huda ɗaya ta isa gas ya tafi duka. Kada kuma a kwara ruwan zafi, allon lantarki na nan a gefe.

In ta narke, a kashe wutar daga bango, a wanke ragogin, a kawar da duk abin da ya tare iska, sannan a kunna a kan 24 da fanka mai ƙarfi. A sa hannu a ji ko iska na fitowa da ƙarfi daga wannan gefe har wancan. Mai ma'aunin zafi zai iya gwadawa: iskar da ke fita ya kamata ta fi wadda ke shiga sanyi da kamar digiri 8 zuwa 12. In aka yi awa guda ba ƙanƙara, an huta. In ta dawo, to aikin mai gyara ne, kuma a gaya masa duk abin da aka gani, har da bututun da ya daskare.

Ba duk ɗigar ruwa ba ce ƙanƙara. In esi na sanyi lafiya amma ruwa na zuba a ɗaki, yawanci tiyon fitar ruwa ne ya toshe da laka, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa lokacin rani. A busa shi ya buɗe, ba ruwan gas da wannan.

Wankin gaba ɗaya, wanda ake wanke koyil da fanka da injin waje, a yi shi sau biyu a shekara: ɗaya a ƙarshen Fabrairu in hazo ya ja baya, ɗaya kuma bayan damina. A rufe kan ciki da ƙyalle in za a daɗe ba a kunna ba. In za a tashi daga gida, a sa mai gyara ya tattara gas ɗin cikin injin waje kafin ya kwance bututu.

Ga 'yan'uwana masu sana'a, mu ji tsoron Allah, mu daina sayar wa mutane gas a inda ruwa da sabulu za su yi aiki. Kai kuma mai gida, duk wanda ya ce zai ƙara maka gas, ka tambaye shi ta ina na farkon ya fita. In bai iya nuna maka ba, kada ka biya. Kafin ma ka kira kowa, ɗaga murfin ka wanke ragar.